Mai kwaɓina ya tafi, burodi ya lalace: ta ina zan fara?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da gidan burodi nan cikin Sakkwato wajen Mabera, da ma'aikata 26. Babban mai kwaɓinmu ya aje aiki bayan babbar sallah ya tafi buɗe nashi, tun daga nan burodinmu ya ƙi zama, yau shi yi kyau gobe shi yi tsami ko shi ƙi tashi, kwantai ya yi yawa har masu shayi sun fara guduwa. Kuma wani abokina mai gidan burodi a Birnin Kebbi ya ce min buhu guda na fulawa shina ba shi burodi goma fiye da abin da nike samu. Yarona da ke karatun kasuwanci a jami'ar Ɗanfodiyo ya ce abin da nike buƙata shi ne bencimakin da kuma wata manhaja ta adana ilimin aiki. Malam mine ne wanga abu, kuma shin ya dace da ƙaramin waje irin nawa ko na manyan kamfunna ne?"

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah shi ƙara buɗi shi sa albarka a nema. In na fahimce ka daidai matsala biyu ce ka kawo cikin buhu guda. Ta farko, akwai sanin aiki da ke cikin kan mutum ɗaya, ya tafi da shi. Ta biyu, kana jin wani ya fi ka amma ba ka san da mi ya fi ka ba. Yaronka bai yi kuskure ba wajen sunan maganin, amma ni zan canza mishi jeri, manhaja ita ce ta ƙarshe, in ma an kai gare ta. Ni aikina duba tsarin aiki ne a ƙananan masana'antu nan Sakkwato da Kebbi da Zamfara, masu casar shinkafa, masu ruwan leda, shagunan magani da gidajen burodi, kuma abin da ka faɗa kusan duk inda na shiga sai na iske irinshi, sunan ma'aikacin da ya tafi kawai ke bambanta.

Asalin abin

Abin da ake nufi da bencimakin shi ne ka auna yadda kake wani aiki, ka nemo wanda ya fi ka iya wannan aikin, ka gano yadda shike yi, sannan ka ɗauko abin da zai zauna a gidanka. Kamfanin Xerox na Amurka mai injin hoton takarda shi ya mai da abin tsari a 1979, lokacin da sunka lura kamfunnan Japan na sayar da inji a kan kuɗɗin da su Xerox ke kashewa wajen ƙera nasu kawai, ba a ma zo maganar riba ba. Da farko sun ɗauka ƙarya ce ko faɗuwa Japanawan ke yi da gangan, da sunka tura mutanensu ta hannun abokin haɗin gwiwarsu Fuji Xerox sai sunka iske gaskiya ce, mutanen sun fi su tsarin aiki ne kawai.

Amma abin da ya fi burge ni a labarin shi ne wanda ya biyo baya. Da sunka so gyara sitonsu ba su je wajen masu injin hoto ba, sai sunka tafi wani kamfani L.L. Bean a jihar Maine da ke sayar da tufafi da takalma ta hanyar aika wa mutane a gidan waya. Kaya daban, kasuwa daban, amma aikin guda ne: ɗauko kaya iri-iri daga kanta a haɗa a ɗaure a aika. Sun iske ma'aikatan can sun ninka nasu sauri wajen sau uku, kuma cikin dalilan akwai abu mai sauƙi, kayan da anka fi saye su ake ajewa kusa da hannun mai ɗauka. Ka riƙe wanga batu Alhaji don zan dawo kanshi.

Burodi goman abokinka

Bari in fara da wanda na san shi ya fi cin ranka. Burodi goma a buhu ba bayani ba ne tukuna, zance ne na zaman majalisa. Ga lissafi na misali. A ce buhun fulawa mai kilo 50, da ruwa da suga da bota da gishiri da yis, ya ba ka kwaɓi kilo 85. In kana yanka giram 900 kowane gwangwani za ka samu burodi 94. In shi abokinka shina yanka giram 800 zai samu 106. Ka ga bambancin 12 ke nan kuma bai fi ka komi ba, burodinshi ne ƙarami. Ko kuma shina ƙara ruwa fiye da kai, ko shi shina ƙirga abin da ya shiga tanda kai kana ƙirga abin da ya fita lafiya bayan an ware ƙonanne da wanda yara sunka ci. Ko fulawarku ba iri ɗaya ba ce, don fulawa ta bambanta wajen shan ruwa.

Akwai kuma dalilin da ba a son faɗi. Wasu na sa sinadarin nan buromet don burodi shi kumbura shi cika ido da kwaɓi kaɗan, alhali hukumar NAFDAC ta daɗe da hana shi saboda illarshi ga lafiya. Ban ce abokinka na yi ba, Allah shi tsare, amma ina nuna maka ne cewa in ka bi lamba kawai ba ka ga hanyar da anka bi anka same ta ba, kana iya kwaso abin da zai sa a rufe maka gida, ban da haƙƙin mutane da zai hau kanka.

Shi ya sa nike cewa mutane a gwada hanyar aiki, kada a tsaya ga sakamako. Kuma ba za ka iya gwada hanyarka da ta wani ba sai ka san taka. Yawancin masu gidan da nike zama da su in na tambaye su kilo nawa kwaɓi ke fita a buhu sai su ce a kira manaja, manaja shi ce a kira mai kwaɓi, mai kwaɓi shi ce ai ya danganta.

Fara da gidanka

Ka sayi sikeli mai kyau na kilo da ƙarami na giram, da ma'aunin zafi irin wanda ake tsomawa cikin kwaɓi, da agogon bango, da littafi babba mai ƙarfin bango. Duka ba su kai kuɗɗin buhun fulawa biyu ba a ganina. Wata guda cur kada ka gyara komi, rubutu kawai. Kowane kwaɓi a rubuta wa ya yi shi, ƙarfe nawa anka fara, nauyin kowane abu da anka zuba, zafin ruwa, zafin kwaɓi da ya fito daga inji, minti nawa ya yi kafin shi tashi, minti nawa cikin tanda, guda nawa sunka shiga guda nawa sunka fito na sayarwa, sannan washegari nawa anka maido kwantai kuma daga hannun wane mai sari.

Za ka ga abin mamaki tun ba ka fita ƙofar gidanka ba, saboda gwaji na farko mafi arha shi ne tsakanin mutanenka. Masu aikin dare da masu aikin rana, fulawa ɗaya inji ɗaya, amma sakamako daban. A wani injin casar shinkafa da na yi aiki da su mai gidan ya riga ya yanke cewa injinshi ne ya tsufa shina shirin cin bashi shi sayo sabo, da munka rubuta sai munka ga karyayyar shinkafa na yawaita ne a hannun rukuni ɗaya, kuma dalili shi ne su ba su bari shanya ta kai yadda ɗaya rukunin ke bari, suna gaggawa don a buhu ake biyansu. Injin lafiyarshi lau. Tsarin biyan ne ke karya shinkafa.

A naka gidan ina zargin zafi, ko da yake daga nesa nike magana. Kai ka san Sakkwato, a watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, sannan Disamba da Janairu hunturu shi busar da komi da asuba ana rawar ɗari. Yis abu ne mai rai, cikin zafi shina gudu cikin sanyi shina barci. Masu burodi galibi na son kwaɓi shi fito daga inji da zafin da bai wuce digiri 26 zuwa 28 ba, kuma injin kanshi na ƙara mishi zafi wajen murza. To tsohon mai kwaɓinka mai yiwuwa shina rage yis da bazara, shina sa ƙanƙara a ruwa, shina rufe gwangwanaye da hunturu kada sama ta bushe, duk ba tare da ya taɓa faɗa wa kowa ba, ƙila shi kanshi bai ɗauke su a matsayin ilimi ba. Yaran da ya bari sun riƙe awo guda suna yi rani da damina. Yau daidai gobe tsami, irin alamar ke nan.

Wajen wa za ka je koyo

Nan ne maganar L.L. Bean ke da amfani. Mai gidan burodin da ke layinku ba zai buɗe maka littafinshi ba, kuma yana da gaskiya, masu shayi ɗaya kuke nema. Abokinka na Birnin Kebbi ya fi, don kasuwarku ba ɗaya ba, amma ka je da abin hannunka, kai ma ka buɗe mishi naka lissafin, kuma ku fara daidaita ma'auni, a kilo za ku yi magana ba a guda ba. Kada ka tafi kai kaɗai ka zauna ofis ku sha lemu. Ka ɗauki yaron da ke kwaɓi da wanda ke tsaye bakin tanda su kwana suna aiki tare da mutanenshi, su za su ga abin da kai ba za ka gani ba.

Sauran ayyukan kuma ba sai gidan burodi ba. Rabon kaya da karɓo kuɗɗi, je ka ga masu ruwan leda ko dilolin lemun kwalba yadda suke tsara wa direba unguwanni da yadda suke rufe lissafi kullum da yamma. Kayan da ke lalacewa da wuri, babu malamin da ya wuce dillalan albasa da ke lodi daga Wurno da Goronyo da Gada zuwa kudu, sun san wace za a fara fitarwa wace za ta jure hanya. Sito da kwanan wata, shagon magani mai tsari, wanda ya fara shigowa ko ya kusa lalacewa shi ke fara fita. Su waɗannan ba ka tsone masu ido, za su gaya maka komi har su ji daɗi an tambaye su.

Har asibiti sun yi haka. Likitocin tiyatar zuciyar yara a asibitin Great Ormond Street da ke Landan sun lura wajen miƙa yaro daga ɗakin tiyata zuwa ɗakin kulawa ta musamman ake yawan samun kuskure, sai sunka tafi Italiya wajen masu tseren mota na Ferrari su ga yadda mutane da yawa ke canza tayu cikin daƙiƙoƙi ba mai karo da wani. Abin da sunka ɗauko shi ne kowa da aikinshi sananne, mutum ɗaya ke ba da umurni, ba hayaniya. An buga sakamakon a 2007 kuma kurakurai sun ragu. Kai ma ka duba lokacin da masu dare ke miƙa wa masu safe, wa ke faɗa wa wa cewa kwaɓin can ya riga ya yi minti arba'in?

Gargaɗi ɗaya. In kun zauna da 'yan uwanka masu burodi ku yi maganar hanyar aiki, amma haɗa baki a tsaida farashi dokar gasa da kare masu saye ta 2018 wadda hukumar FCCPC ke kula da ita ta hana, kada zaman koyo shi koma wannan.

Ilimin da ke hannu

Yanzu ga babbar matsalar, sanin aikin da mai kwaɓinka ya tafi da shi. Sanin aiki iri biyu ne. Akwai wanda ake iya rubutawa, suga kilo kaza gishiri giram kaza. Akwai wanda ke cikin hannu da ido da hanci, mutum shi taɓa kwaɓi shi ce a ƙara mishi minti biyu, ka tambaye shi dalili shi ce haka dai ya ji. Wani masani Michael Polanyi ya yi bayanin wanga tun 1966, cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da zai iya faɗi.

Kuma misalin da anka fi bayarwa a fannin nan na burodi ne, abin dariya. Wajen 1985 kamfanin Matsushita na Japan, wanda yanzu ake kira Panasonic, na ƙoƙarin ƙera injin yin burodi na cikin gida, injiniyoyi sun yi duk lissafinsu burodi ya ƙi kyau. Sai wata ma'aikaciyarsu Ikuko Tanaka ta tafi ta zama 'yar koyo wajen babban mai burodi na wani otal a Osaka. Shi ma bai iya faɗa mata sirrin ba, sai da ta daɗe tana kwaɓi gefenshi ta lura ba ja kawai shike ba, shina murɗa kwaɓin lokacin da shike ja. Wannan murɗawar sunka sa wa injin, ya fito kasuwa a 1987 ya karɓu. Farfesa Ikujiro Nonaka ne ya yaɗa labarin. In kamfani mai wannan ƙarfi sai da ya tura mutum ya tsaya gefen gwani, to manhajar waya ba za ta ciro maka abin da ke hannun mai kwaɓi ba.

Mu nan ba baƙon abu ba ne, haka majema da dukawa da maƙera ke yi tun kaka da kakanni, yaro shi zauna gaban maigida shekaru. Inda namu tsarin ke da rauni shi ne ilimin na bin mutum ɗaya zuwa mutum ɗaya, kuma gwani kan riƙe wani abu bai sake ba. Kada ka ga laifinshi da sauri. Mai kwaɓin da ba shi da takardar ɗaukar aiki, ba fansho, ana iya sallamarshi da baki ranar da Alhaji ya tashi da fushi, sanin nan shi ne kaɗai jarinshi. Ka ce shi koya wa yaro mai karɓar rabin albashinshi, a kunnenshi cewa ka yi shi gina ramin da za a rufe shi. Duk tsarin adana ilimin da bai amsa wagga damuwa ba takarda ce kawai, za su ba ka awo na ƙarya su riƙe na gaskiya.

Abin da na ga yana aiki shi ne koyarwa ta zama matsayi mai kuɗɗi. Wanda ya fi iyawa cikin waɗanda sunka rage ka ɗaga shi, ka ce in yara biyu sunka iya kwaɓi su kaɗai har burodi ya fito daidai sati biyu a jere yana da ƙari a albashi na dindindin, kuma ka faɗa gaban kowa ka cika. Sannan suna. A Xerox ɗin nan wani mai bincike Julian Orr ya bi masu gyaran injinsu ya ga ainihin ilimin ba a littafin kamfani suke samunshi ba, a wajen karin kumallo ne suke ba juna labarin injin da ya ba su wuya. Daga baya kamfanin ya yi rumbun dabaru mai suna Eureka, kowace dabara sai gwanaye sun tantance ta kuma da sunan mai ita a jiki, kuma sunan nan shi ya fi jan su ba lada ba. Kai ma takardar awon bazara in za a manna ta a bango a rubuta sunan wanda ya fito da ita.

Shi kuma wanda ya tafi, in ba da faɗa kunka rabu ba, kira shi. Ka biya shi kuɗɗin mota da na aiki shi zo shi yi kwanaki shina kwaɓi yara na kallo, ɗanka na ɗauka da waya, kuma duk inda ya yi wani abu a tsaida shi a tambaye shi don mi, in da hunturu ne fa, in fulawar ta canza fa. Girman kai ne kawai ke hana mutane wanga, kuma ya fi arha bisa ga kwantan sati guda.

Rubutun shi zama gajere, shafi guda ga kowane irin burodi, da Hausa, in akwai wanda boko ya yi mishi nisa a rubuta da ajami, yawancin yaranmu sun yi allo. A sa cikin leda a manna kusa da inji, ba cikin durowar manaja ba. Awo uku nike ba da shawara, na bazara, na damina, na hunturu. Bidiyon kuma da saƙon murya a WhatsApp sun wadatar, sai dai ka aje kwafi a wani wuri don waya na faɗuwa, kuma lambobin masu sari da bashin da ake bin kowa kada su zauna a wayar direba shi kaɗai, wannan ma ilimi ne da ke tafiya da mutum.

Ɗabi'a ɗaya kuma da zan so ka ɗauka, sojojin Amurka sunka fara ta a shekarun 1970. Duk ranar da kwaɓi ya lalace a tsaya minti goma a yi tambaya huɗu: mi munka so shi faru, mi ya faru, mi ya kawo bambancin, mi za mu yi gobe. Sharaɗin shi ne ba zagi ba cire kuɗɗi a wannan zaman. Ranar da ka fara yanke albashi da abin da anka rubuta a littafin, daga ranar littafin zai fara yi maka ƙarya, kowane kwaɓi zai fito daidai a takarda burodi kuma na tsami.

Iyakar abin

Ni ba mai burodi ba ne kuma ban shiga gidanka ba, batun zafi da yis zato ne mai ƙarfi, littafin ne zai tabbatar ko shi ƙaryata, yana yiwuwa tandarka ce ke da gefe mai zafi ko an canza maka fulawa. Gwada kai da wani kuma iyakarshi shi kai ka inda wancan yake, ba ya ƙirƙiro maka sabon burodi, kuma abin da ya yi a Birnin Kebbi da tandar gas ba lalle shi yi a tandar itace ba, sai ka jarraba a kwaɓi ɗaya tukuna kafin ka juya gida duka. Ba ya kuma maganin tsadar fulawa da suga da man janareta da kowa ke kuka da ita tun cire tallafin mai a Mayun 2023, sai dai shi rage abin da ke zubewa ta ƙasa. Kuma duk yadda ka yi wani kaso na gwanintar wancan mutum ya tafi, sai yaranka sun gina tasu da hannunsu.

Batun manhaja, mai ma'aikata 26 littafi da Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, sun ishe shi, ɗanka shi riƙa shigar da lambobin duk ranar Juma'a ko Asabar ku duba tare. Akwai ƙa'idojin duniya kan wanga fanni irin ISO 30401 na 2018, amma wannan sai ranar da ka buɗe reshe na biyu da na uku ko wani babban mai saye ya nemi takardar shaida. In ka cika wata guda kana rubutu, turo min hoton shafukan, musamman zafin kwaɓi da lokacin tashi na ranakun da burodi ya yi tsami, da sunan rukunin da ya yi aikin, sai mu ga ko ƙanƙara za ka fara saye ko mai gyaran tanda za ka kira.